Yammacin da jita ta yi kuka a gindin masallacin Agadas

A watan Janairu na 2010 mahaifiyata ta aike ni Agadas. Ni haifaffen Tambuwal ne, ita kuwa 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Kebbe, kuma ƙanenta ya fi shekara ashirin a Agadas yana sana'ar ɗinki. A farkon watan Satumba na 2009 ruwa ya yi gyara a can. Ambaliya ta sauko daga duwatsun Abzin, ta bi koramar Telwa, ta fasa shingen da aka yi mata, ta faɗa unguwanni cikin dare. Gidajen ƙasa masu yawan gaske suka narke, har da na kawu. Inna ta jira sai da aka kai amfanin gona gida, ta sayar da tunkiya biyu, ta ƙulle kuɗin a tsumma, ta haɗa da daddawa da kuka, ta damƙa mini.

"Ka gaishe shi, ka ce mishi mun ji abin da yaf faru," in ji ta. "Kuma kak ka tsaya kallon banza."

Na yi mata alkawari. Ashe kallon da zan tsaya yi shi ne zai zauna mini a rai fiye da komai na wannan tafiya.

Daga Tambuwal na hau mota zuwa Sakkwato, daga can Illela, na ƙetara zuwa Birnin Ƙonni, sai Tawa, sai Abalak. Daga Abalak ƙasa ta buɗe, itatuwa suka yi ta raguwa har suka koma ƙaya da tsakuwa. A cikin bas ba mai yawan magana. Kusan shekara uku ke nan wannan yanki yana cikin yaƙi. A watan Fabrairu na 2007 ƙungiyar 'yan tawaye ta MNJ ta kai hari Iferwan, daga nan wuta ta kama. An binne nakiyoyi a hanyoyi, gwamnatin Shugaba Tanja Mamadu ta sa jihar Agadas cikin dokar ta-ɓaci, masu yawon buɗe ido da garin ke ci da su suka ɗauke ƙafa. Sai a 2009, da sa bakin Libiya, aka ajiye makamai, aka yi afuwa, aka ɗage dokar a ƙarshen shekara. Lokacin da na je, zaman lafiyar bai wuce jariri ba, kowa yana riƙe da shi a hankali.

Abin da ido ke fara hangowa a Agadas shi ne hasumiyar babban masallaci. Ginin laka ne zalla, tsayinsa mita 27, faɗi daga ƙasa yana tsukewa zuwa sama, da itatuwa sun leƙo daga jikinsa kamar ƙayar bushiya. An fara gina masallacin a 1515, aka sake gina shi a 1844. Ga mutumin ƙasar Sakkwato wannan gari ba baƙo ba ne. Tun muna makarantar allo muke jin cewa Shehu Usmanu ya bi malaminsa Malam Jibrilu har Agadas, daga nan ya juyo gida don bai nemi izinin mahaifinsa na wucewa hajji ba. Kuma Tambuwal ɗin da na fito, ɗan Shehu ne, Muhammadu Buhari, ya zauna ta. Da na shiga masallacin na yi salla a tsakanin ginshiƙansa masu kauri, sai na ji kamar na zo gidan kakanni. Hausa ake yi a kasuwa, Hausa ake yi a tasha, wadda ma ta fi kusa da tamu ta Sakkwato a kan ta Kano.

Na iske kawu ya tayar da ɗaki ɗaya, iyalinsa na cikin rumfar tabarma. Ya karɓi saƙo, ya yi ta sa wa Inna albarka. Kwana uku muna kwaɓa ƙasa tare. A rana ta huɗu, ko ta biyar, na ga unguwa ta canza. Mata suna ta wanki da lalle, samari suna kawo wa kawu riguna a gyara musu kafin yamma. Ko'ina sai ka ji suna ɗaya: Bombino ya dawo, Bombino zai yi wasa a gindin masallaci.

Na ce, "Kawu, a gindin masallaci? Kiɗi?"

Ya ce, "Sarki na da kai nai ya ba da izini. Tashi ka wanke ƙafafunka, ɗana. Wanga ba kiɗin banza ba na."

Ya kamata in faɗi yadda na ɗauki jita a lokacin. Ni na tashi ne da kalangu da kotso da goge. In kaka ta yi, aka kai mu ƙauyen su Inna, farin wata ya fito, 'yan mata suna gaɗa a dandali, mahauta sun kafa dambe, makaɗi yana zuga wani ƙato har tsikar jikinka ta tashi. A Rediyon Rima muna jin Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Jankiɗi, muna jin yadda Ɗan Anace ya ɗaukaka Shago. Wannan shi ne kiɗi a wurina. Jita kuwa kayan Turawa ce, ta 'yan birni masu tara suma, abin da ake ji a otal. Ban taɓa zaton akwai mutanen da jita ta zame musu abin da tambari yake ga sarauta ba.

Maƙwabcin kawu ne ya warware mini. Wani dattijon Buzu ne, da rawaninsa har hanci, wanda a ƙuruciyarsa ya sha bin ayarin gishiri. Da ya ji daga Tambuwal nake, sai ya kama hannuna bai saki ba. Ya san Jega, ya san hanyar da ake bi, ya san yadda manoma ke barin raƙuma su kwana a gona bayan girbi saboda taki, a musanya kantun gishiri da dabino da gero. Muna tafe zuwa filin yana ba ni labari, ni kuma daga baya na cike sauran da abin da na karanta na kuma ji.

Fari ne ya haifi wannan kiɗi. Na shekarun 1970 da na 1984 sun ƙarar da dabbobin Buzaye, samari suka fantsama Aljeriya da Libiya neman abin yi. Ana kiran su ishumar, daga kalmar Faransanci mai nufin marasa aiki. A can suka ɗauki jita, suka zuba mata amon molonsu da kiɗan turmin matansu da ake kira tende, suka rera kewar gida, wadda a harshensu ake ce wa assuf. Ƙungiyar Tinariwen ta Mali ita ce uwa a wannan fage, a Nijar kuma Abdallah Oumbadougou ne ya buɗe hanya. Da tawaye ya tashi a 1990, kaset ɗin waɗannan waƙoƙi ne ke ɗaukar saƙo daga zango zuwa zango. Shi ya sa ga hukuma jita ta zama alamar tawaye.

Shi kuwa wanda za mu je kallo, sunansa Omara Moctar, wato Umaru Muktar. An haife shi a 1980 a Tidene, wani zangon makiyaya da ke arewa da Agadas. Yana ɗan shekara goma yaƙi ya kore su zuwa Aljeriya. A can wasu 'yan'uwa suka bar jita a gidan, yaro ya ɗauka ya fara koya wa kansa. Daga baya wani gwanin jita, Haja Bebe, ya ɗauke shi cikin makaɗansa, kuma da yake shi ne ƙarami aka laƙaba masa Bombino, daga kalmar Italiyanci mai nufin ɗan yaro. Ya yi kiwo a Libiya, inda shi da abokansa ke zama su yi ta maimaita bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler suna kwaikwayon yadda yatsunsu ke tafiya. Ta nan kiɗan rok ya shigo hannunsa. Ya dawo Agadas a 1997, yana kiɗan biki yana kuma yi wa baƙi jagora cikin hamada. A 2006 har ya je Amurka, aka naɗi kiɗansa tare da wasu daga cikin 'yan Rolling Stones. Sai yaƙin 2007 ya zo. Aka hana jita, aka kashe biyu daga cikin abokan kiɗansa, shi kuma ya tsere zuwa Burkina Faso. A Wagadugu wani Ba'amurke mai shirya fim, Ron Wyman, wanda ya ji kaset ɗinsa a wata tafiya, ya bi sawunsa har ya same shi a 2009.

Dattijon ya tsaya a bakin wani lungu ya ce mini, "Yaro, akwai lokacin da in an sami wagga aba cikin ɗakinka, sai dai Allah ya kiyaye. Yau ga ta za ta hito gaban Sarki."

Na ce, "Baba, to ku da kanku kuna son ta, ko ta yara ce?"

Bai amsa ba. Ya dai ƙara sauri.

Filin da ke gaban masallaci ya cika kafin mu iso. An ce mutum fiye da dubu ne suka taru, ni dai na san ban iya ganin ƙasa ba. Sarkin Abzin na lokacin, Ibrahim Umaru, wanda ke kan gado tun 1969, shi ya sa wa taron albarka, fadarsa kuma tana nan jikin masallacin. Ga maza da rawuna farare da baƙaƙe masu ƙyallin shuni, ga mata da mayafai da azurfa, ga yara sun ɗare katangu. Hausawa, Buzaye, Fulani, Larabawa, Tubawa, duk a cakuɗe. Wasu Turawa masu fim suna ta kai da komo da na'urorinsu. Iskar hunturu tana kaɗawa da 'yar ƙura, hasumiya kuwa ta yi ja saboda ranar yamma.

Sai ga shi. Siririn mutum ne, ba shi da cika ido, kai ka ce kunya za ta hana shi ɗaga kai. Ya rataya jita, ya sunkuya yana gyara tsirkiya. Da ya fara, a hankali ya fara, da wani ɗan amo mai zagayawa yana dawowa inda ya taso. Nan na sha mamakin farko: na san wannan amon. Ban san waƙar ba, ban kuma jin Buzanci ko kalma ɗaya, amma hawa da saukar muryar irin na molo ne, irin na gurmi. In ka rufe ido sai ka ce wani maroƙi ne daga gida aka jona wa molonsa wutar lantarki.

Tafi ya shigo. Ba tafin yabo ba, tafin kiɗa, kowa ya san inda zai sa hannunsa. Ganga ta bi, da wani taku mai rangaji irin na raƙumin da ya saki jiki a hanya. Ana nan ana nan sai taku ya fara ƙaruwa, kaɗan-kaɗan, yadda ba za ka ce ga inda aka ƙara ba. Shi kuma mutumin nan mai kunya ya rikiɗe. Ya ware ƙafafu, ya karkata, yatsunsa suka shiga gudu a wuyan jitar, ita kuwa ta kama kuka. Ba ni da wata kalma sai wannan. Ta yi kuka mai tsawo mai kaifi wanda ya bugi bangon masallaci ya dawo mana, mata suka saki guɗa ta ko'ina, ƙasa ta ɗauki rawa har ina jin ta a tafin ƙafata.

Na sha ganin taro ya motsa. Na ga filin dambe lokacin da aka yi kisa, na ga hawan salla. Amma wannan daban ne, don a nan mutane suna rawa suna share hawaye. Wata tsohuwa kusa da ni ta ɗaga hannaye sama tana juya su a hankali, bakinta yana bin waƙar, fuskarta jiƙe. Samari biyu suka shiga tsakiya suna fuskantar juna, suna lanƙwasa gwiwa, hannayen rigunansu suna shawagi. In sun fita wasu su shiga. Da na waiga neman dattijona sai na gan shi ya ja rawaninsa har ƙarƙashin idanu, kafaɗunsa suna rawa. Ban tambaye shi ba ko dariya ce ko kuka. Daga baya kawu ya faɗa mini cewa ɗan dattijon ya tafi daji a farkon yaƙin, kuma har ranar ba a ji ɗuriyarsa ba.

Ban ɓoye muku ba, a farkon wasan zuciyata ba ta kwanta da wurin ba. An rene ni a kan cewa masallaci da kiɗa ba sa haɗa hanya, kuma har yau ina girmama malaman da ke kan wannan. Amma da na dubi abin da ke gabana sai na ga babu giya, babu tsiraici, babu zagi. Mutane ne da aka yi shekara uku ana hana su taruwa, kowa yana tsoron maƙwabcinsa, suka zo wuri mafi daraja a garinsu don su ga juna da ido, su tabbatar an daina harbi. A ganina Sarki ya yi hikima. Da a wani lungu aka yi wasan, da ya zama na Buzaye kaɗai, ko na tsofaffin 'yan tawaye. Da aka kawo shi gindin hasumiya, ƙofar fada, sai ya zama na Agadas duka, har da baƙo irina.

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Na dai san muryata ta dushe, ni da ban san me ake faɗa ba, kuma rigata ta jiƙe duk da sanyin Janairu. A hanyar komawa ba wanda ya yi magana cikinmu uku, ni da kawu da dattijon. Sai da muka zauna dattijon ya hura gawayi ya dafa shayi, ya miƙo mini kofin farko, sannan ya ce, "Ɗan Sakkwato, in ka koma ka hwaɗi musu mun samu lahiya."

Na faɗa wa Inna komai, har kallon da ta hana ni. Ta yi shiru, sannan ta ce tun da a gaban Sarki aka yi, ba komai.

Wata guda bayan haka, ranar 18 ga Fabrairu, soja suka kifar da Tanja a Yamai. Shi kuwa Bombino duniya ta buɗe masa. Hotunan wannan yammaci sun shiga fim ɗin Ron Wyman a kan Agadas da kiɗanta da tawayenta. A 2011 ya fitar da faifai mai sunan garin, a 2013 ya fitar da Nomad da aka naɗa a Nashville ta Amurka, kuma faifansa Deran na 2018 ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa sunansa a takarar lambar Grammy. A 2013 ne kuma UNESCO ta sa tsohon birnin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya. Wani abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba: ɗayan gwanin jitar Nijar da duniya ke ji yanzu, Mdou Moctar na jihar Tawa, a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008, da irin gyaran muryar da ake yi wa waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ta katin wayar salula waƙoƙin suka bazu cikin hamada. Tsakaninmu da wannan kiɗi ba nisa.

Shekaru da dama na ɗauki abin da na gani a matsayin labarin wasu. Yaƙi nasu ne, kewa tasu ce, mu a kudancin Sakkwato muna kwana a waje lokacin zafi, ƙofa a buɗe. Yanzu ba haka ba ne. Tun da 'yan bindiga suka fara shiga ƙauyukan Kebbe da na gefen Tambuwal suna kora shanu suna ɗaukar mutane, dare ya fita daga hannunmu. A ƙauyen su Inna da magariba ake rufe ƙofa. Ba wata hukuma da ta kafa dokar hana kalangu, tsoro ne ya hana shi, don sautin ganga yana tafiya nesa cikin dare kuma ba ka san kunnen da zai faɗa ba. Biki ya koma na rana, a gaggauce, a ɗaura aure a kai amarya kafin la'asar. Akwai yara a garin da sun fara tasawa ba su taɓa ganin gaɗa a farin wata ba. Makaɗin da ke zuga 'yan dambe muna yara ya tsufa, 'ya'yansa sun tafi birni suna acaɓa.

Da na je gaishe shi bara, na ga kalangunsa a rataye a bango, tsarkiyar ta saki, ƙura ta rufe fatar. Na ce, "Baba, ba a taɓa shi?" Ya ce, "Wa za a kaɗa ma, ɗana?" A nan ne na gane tsohuwar nan ta Agadas mai rawa tana hawaye, shekara fiye da goma bayan na gan ta.

Kawu ya rasu, dattijon maƙwabcinsa ma haka, Sarki Ibrahim Umaru kuma ya rasu a 2012. Allah ya jiƙansu. Roƙona ga sarakunanmu da hakimanmu na Tambuwal da Kebbe shi ne, ranar da Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, kada a tsaya ga jawabi a ɗakin taro. A kira makaɗan da suka rage, a gyara musu ganguna, a share filin ƙofar fada, a bar mutanen ƙauyuka su shigo da 'ya'yansu su kwana suna ganin juna. Kafin nan kuma, duk wanda ke da irin wannan tsohon makaɗi a garinsu, ya je ya gaishe shi, ya ɗauki muryarsa a waya tun yana da rai.